Jinjina Ga Masu Buɗe Sito, Sai Dai Mota Ba Ta Jiran Alƙali

Ranar 20 ga Fabrairun 2017 jami'an hukumar EFCC suka taso daga ofishinsu na shiyyar Kano, suka dira a wani sito da ke kan titin Nnamdi Azikiwe a Kaduna. Titin nan ne da mutanen gari suka fi sani da baifas, wanda ya kewayo ta yammacin birni, ya bi ta Kabala West da bakin Tudun Wada da mahaɗar Rigasa da Kurmin Mashi, ya ɓulle Mando da Kawo. Dubban mutane ke bin sa kullum cikin ƙurar tireloli da hayaƙin tankoki, kowa na ta kansa. Da aka buɗe ƙofar siton, sai ga motoci 17 a jere.

Hukumar ta ce wurin na tsohon shugaban hukumar kwastan ne, Abdullahi Dikko Inde, wanda ya riƙe kwastan daga 2009 zuwa 2015. Ta fitar da jerin motocin ɗaya bayan ɗaya, kowace da launinta da lambar jikinta. Akwai Porsche Cayenne, akwai Marsandi G-Wagon, Prado biyu, BMW uku, Toyota FJ ruwan ɗorawa, Honda Accord, da bas-bas. Jaridu sun yi musu kuɗin goro, duka suka kira su motocin alfarma, amma wanda ya bi jerin a tsanake zai ga har da Fijo 406, irin wadda kamfanin PAN ya daɗe yana haɗawa a Kakuri, da wata tsohuwar bas da ko a tashar Kawo ba za a waiwaye ta sau biyu ba. Ba a jima ba wani samamen ya biyo baya, aka fito da Keke Napep 42 sababbi fil, da babura masu ɗaukar kaya 16, da kafet sama da 500.

Ni kekunan nan sun fi Porsche tsaya mini a rai. Porsche abin kallo ce, ko an sake ta a titi talaka ba shi da rabo a cikinta sai dai ya matsa ta wuce. Keke kuwa abinci ne. Duk wanda ya san matasan Kurmin Mashi da Unguwar Shanu da Badarawa ya san yadda yaro ke zarya wajen mai keke yana neman a ba shi ko da aikin dare ne, ya san yadda ake haɗa balas da ƙyar in yamma ta yi, a miƙa wa mai abu nasa, a koma gida da ragowar da za a sayi garin tuwo. Keke 42 tukunyar gida 42 ce, ko ma fiye, tunda keke ɗaya direba biyu ke ci a jikinsa. Suna kulle a ɗaki.

Lokacin ma ya dace da tone-tone. A watan Disambar 2016 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin kwarmata bayanai ta hannun ministar kuɗi Kemi Adeosun, inda aka yi wa mai fallasa alkawarin kashi 2.5 zuwa kashi 5 cikin ɗari na abin da aka gano. Ranar 3 ga Fabrairun 2017 aka fito da kusan dala miliyan 9.8 da fam 74,000 daga wani gida a Sabon Tasha, ƙetaren kogi, na tsohon shugaban kamfanin mai na NNPC, Andrew Yakubu. A watan Maris kuma aka tsinci buhunan kuɗi, naira miliyan 49, a filin jirgin saman Kaduna, babu mai su. A 'yan makonnin nan, duk majalisar da ka zauna, daga teburin mai shayi a Unguwar Sarki har bakin masallacin Sultan Bello, hira ɗaya ake yi.

Jinjinata ta farko ga wanda ba a san sunansa ba ce. Hukumar ta ce bayanan sirri ta samu, bayanan sirri kuwa ba daga sama suke faɗowa ba. Akwai wanda ya gani, ya auna, ya san a garin nan zai ci gaba da kwana shi da iyalinsa, ya kuma buɗe baki. Wanda bai zauna a Arewa ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mu mutane ne da aka rena a kan rufin asiri da ganin girman manya. Mai faɗin abin da ya gani a gidan babban mutum, munafuki ake kiransa, ko mai baƙin ciki, ko a ce ya ci amana. Sau da yawa wanda ya fi kowa tsine masa shi ne talakan da aka yi fallasar dominsa. Ga shi shekaru sun shuɗe tsarin kwarmata bayanan yana nan a matsayin manufa kawai, majalisa ba ta mayar da shi dokar da za ta kare mai fallasa ba. Ashe ke nan ya yi kasada ne da bayansa a buɗe.

Sai ƙananan jami'an da suka je wurin. Su ma 'yan Adam ne masu albashin da ba ya kai su ƙarshen wata, masu 'ya'ya a makaranta da iyaye a ƙauye. Jami'in da ya tsaya gaban Marsandin da albashinsa na shekara da shekaru ba zai saye ta ba, ya duƙa ya kwafi lambar jikinta daidai, ya rubuta 17 bai rubuta 12 ba, ya cancanci a ce masa sannu da aiki. Mun saba jin labarin wanda ya karɓi na goro ya kau da kai, har mun manta akwai wanda aka miƙa wa ya ƙi. Haka alƙalan da ake kai wa irin waɗannan takardu. Babbar kotun tarayya ta ba da umarnin miƙa motocin ga gwamnati na wucin gadi, ta nuna cewa sito ma yana ƙarƙashin doka komai girman mai makullinsa. A ƙasar da aka daɗe ana cewa babban kifi ba ya shiga koma, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Adalci kuma ya sa a faɗi ɗaya gefen. Dikko Inde ya rasu a watan Fabrairun 2021, Allah Ya jiƙan musulmi, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa babu kotun da ta yanke masa hukuncin laifi. An yi yarjejeniya tsakaninsa da ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya mayar da kimanin naira biliyan ɗaya da rabi bisa sharaɗin ba za a gurfanar da shi ba, kuma a 2019 mai shari'a Nnamdi Dimgba ya ce yarjejeniyar ta hau kan EFCC. Mutum na iya jin haushin irin wannan sulhu, ni ma ina ji, amma haka aka yi. Andrew Yakubu kuwa ya tsaya kan cewa kuɗinsa kyaututtuka ne, aka yi ta shari'a har 2022, babbar kotun tarayya a Abuja ta wanke shi. Kamu daban, hukunci daban. Wannan kuwa shi ya ƙara wa hukuma nauyi a kan abin da ta kama, domin kayan da ke hannunta ɗayan biyu ne: ko na al'umma ne da za a mayar musu, ko na mai shi ne da kotu za ta ce a mayar masa. Ta kowace fuska amana ce, ba ganima ba.

Dala in an zuba ta a asusun Babban Banki, za ta jira alƙali shekara goma ba ta canza kama ba. Fili ma yana jira, har daraja yake ƙarawa. Mota ba ta jira. 'Yar uwar doki ce, in aka ɗaure shi a turke ba kilisa, ko ana ba shi dawa ƙafafunsa za su mutu. Je ka Panteka ka tambayi kowane bakanike abin da ke samun motar da aka ajiye. Batir ne ke fara tafiya, cikin 'yan makonni. Sai tayoyi su sace, gefen da ke ƙasa ya baje, roba ta tsattsage. Fetur ɗin da ke tanki ya tsufa ya yi danƙo, ya toshe famfon mai da nozul. Baƙin mai ya kwanta a ƙasan inji, sama ya bushe. Birki ya yi tsatsa ya kama, ranar da aka zo jan ta sai an yi ta bugu. Duk wata robar da ke tare mai ko ruwa ta bushe ta fara yoyo. Wannan fa a cikin inuwa ke nan.

In a fili take, sai yanayin Kaduna ya karɓi aikin. Zafin Maris da Afrilu ya fasa dashbod, ya ƙone fenti, kujerun fata su dare. Damina ta sauka tun daga Mayu har Oktoba, ruwa ya sami kafa ta bakin gilashi ya kwanta a ƙarƙashin kafet, ciki ya yi fumfuna, ƙasa ta fara ruɓa. Hunturu ya zo ya cusa ƙura a duk inda iska ke shiga. Ɓeraye kuma su tare, su ci wayoyi. Motar zamani kuwa, musamman irin su Porsche da BMW da Marsandi, rabinta waya ce da na'ura. Tsohuwar Fijo 504 in ta shekara biyar a ajiye, yaron gareji zai wanke kafireto, ya sa batir, a tura ta tashi. Cayenne in ɓera ya ci mata waya ɗaya a inda ba a gani, sai an nemo mai kwamfuta, shi ma ya yi ta lalube. In makullinta ya ɓace tsakanin wannan ofis da wancan, kuɗin yin wani kaɗai ya sayi babur.

Akwai kuma ɓeran da ke tafiya da ƙafa biyu. Akwai wata farfajiyar hukuma da nake wucewa ta gabanta a cikin garin nan, inda wata baƙar jif ta daɗe a jikin katanga. Da farko lafiyarta ƙalau, sai ƙura. Daga baya madubin gefe ya tafi. Sai fitilun gaba suka bar ramuka biyu. Wata rana na ga an ɗora ta a kan bulo, tayoyin sun yi gaba. Yanzu ciyawa ta fito ta cikin inda injin yake, awakin unguwa na kwana a ƙarƙashinta, wani ma ya shanya tabarma a kan rufin. Ba na shakka a cikin wani littafi har gobe an rubuta “jif ɗaya, baƙa”, kuma in mai bincike ya zo zai ƙirga ta ya ce kaya sun cika. Ƙwaƙwalwar motar, da abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi, su ne ake fara zarewa, don ba a ganin gurbinsu daga waje kuma kasuwarsu a shirye take. Ranar gwanjo sai a ce mai saye ya saya yadda ya gan ta. Ɗan gwangwan ne kaɗai zai taya.

Na san abin da dillalin mota zai ce: ai Malam, mota a Najeriya ba ta faɗuwa, wadda aka saya a 2017 yau ta ninka kuɗinta. Gaskiya ne a lissafin naira. A 2017 dala tana wajen naira 305 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Amma naira ce ta faɗi, ba motar ce ta tashi ba. Kuma ko a wannan lissafin, motar da ta shigo fili da ƙafarta da wadda aka jawo da igiya ba kuɗinsu ɗaya ba. Da an sayar tun tana numfashi, an sa kuɗin inda zai haihu, da ko gwamnati ko mai ita wani ya amfana. Yanzu kuwa an ƙwace daga hannun wanda ake zargi an miƙa wa tsatsa.

Ba duka laifin jami'ai ba ne, wannan ma a faɗa. Shekaru da yawa babu wata doka guda da ta tsara yadda za a kula da kayan da aka kama. Dokar yaƙi da damfara ta 2006 ta ba da damar ƙwace kadara ko ba a kama mutum da laifi ba, in har an buga sanarwa kuma babu wanda ya zo ya gamsar da kotu cewa halalinsa ce. Amma da zarar lauya ya shigo, sai ɗage zama, sai ɗaukaka ƙara, sai a canza wa alƙali wurin aiki a koma farko. Jami'in da ya sayar da mota kafin a gama, gobe shi za a tuhuma. Wanda ya bar ta ta ruɓe kuwa babu mai tambayarsa. Kowa sai ya zaɓi hanyar da ba ta da tambaya. Rashin tsarin nan ya kai ga ita kanta hukumar ta shiga tsaka mai wuya: a watan Yulin 2020 aka dakatar da muƙaddashin shugabanta Ibrahim Magu, aka sa kwamitin mai shari'a Ayo Salami ya bincike shi, kuma cikin zarge-zargen har da yadda aka sarrafa kadarorin da aka ƙwato. Magu ya musanta. Kwamitin ya miƙa rahotonsa, ba a kuwa buga shi jama'a sun gani ba, don haka zargin bai tabbata ba, bai kuma wanku ba.

A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar ƙwato da kula da dukiyar da aka samu ta hanyar laifi. Doka ce mai kyau, kuma waɗanda suka yi shekaru suna fafutukarta sun cancanci tasu jinjinar. Ta wajabta wa kowace hukumar da ke kama kaya ta kafa sashe na musamman mai kula da su, ta tanadi asusu guda a Babban Banki da za a riƙa zuba kuɗin, ta kuma buɗe ƙofar da aka daɗe ana nema: hukuma na iya roƙon kotu ta yarda a sayar da abin da zai lalace ko ya rage daraja tun shari'a ba ta ƙare ba, a ajiye kuɗin, wanda ya yi nasara ya ɗauka. Bayan dokar an ga motsi. A watan Disambar 2022 EFCC ta yi gwanjon ɗaruruwan motoci a ofisoshinta na shiyya-shiyya. A watan Janairun 2025, ƙarƙashin Ola Olukoyede, ta sake fitar da motoci 891 aka yi gwanjonsu ta intanet. Wanda ya tuna zamanin da sai dai ka ga motar da aka kama jiya a ƙofar gidan wani mai uwa a gindin murhu, zai san an yi nisa.

Sai dai gwanjon na 2025 ya bar ƙura. Mutane da yawa sun koka cewa shafukan 'yan gwanjon sun ƙi buɗuwa, wasu an rufe su a waje ana tsakiyar tayi, wasu motocin kuma an ga an taya su a farashin da hankali ba zai ɗauka ba, abin da ya sa ake zargin da gangan aka yi don a kori masu saye na gaskiya. Hukumar ta amsa cewa an sami matsala, ta ce za ta duba aikin 'yan gwanjon. Amsa kuskure abin yabo ne a ƙasar da hukuma ba ta saba cewa ta yi kuskure ba. Amma dubawar da ba a faɗi sakamakonta dalla-dalla ba, wa ya saya, nawa ya biya, wane ɗan gwanjo aka hukunta, ba ta kashe zargi.

Wasu ƙasashen sun sha gaban mu a nan. A 2016 masu gabatar da ƙara a Jeniba ta ƙasar Suwizalan suka kama motocin Teodorin Obiang, ɗan shugaban Ikwatoriyal Gini kuma mataimakinsa. A watan Satumbar 2019 aka yi gwanjon guda 25 a bainar jama'a, Ferrari da Lamborghini da Bentley da Rolls-Royce, aka tara kusan dala miliyan 27, bisa sharaɗin kuɗin su tafi ayyukan jin daɗin jama'ar ƙasar da aka ɗebo dukiyar. Shekara uku motocin suka yi a hannun hukuma, suka kuma iso wurin gwanjo suna sheƙi, har guda ɗaya, Lamborghini Veneno, ta haura dala miliyan 8 ita kaɗai. Kowa ya san ranar, kowa ya ji farashin. A Filifin kuwa Shugaba Duterte a 2018 katafila ya sa ta bi ta kan motocin fasa-ƙwauri ana ɗaukar hoto. Wannan wasan kwaikwayo ne, kuma almubazzaranci, ba abin koyi ba ne ga jihar da mai naƙuda ke zuwa asibiti a bayan babur.

Ba sai mun je Turai ba ma. A nan jihar, jami'ar Nok da ke Kachia, wadda kotu ta ƙwace a 2024 bayan EFCC ta danganta ta da kuɗin gwamnati, an mayar da ita jami'ar tarayya a 2025. A 2024 kuma gwamnati ta ba da umarnin a ɗauki naira biliyan 50 daga kuɗin da EFCC ta ƙwato a zuba a asusun ba ɗalibai rance. Ko me mutum zai ce game da siyasar da ke ciki, wannan abu ne da ake iya nunawa da yatsa. Uban da ɗansa ya sami gurbi a Kachia ya ga inda yaƙi da cin hanci ya shigo gidansa. Abin da motoci suka rasa ke nan. Motar alfarma dai a sayar, ba ta da aikin yi a ma'aikata, kuma raba wa manyan jami'ai irinta da sunan “amfanin ofis” canza mata gareji ne kawai. Amma bas mai ɗaukar mutum 18 ko 30, wadda kotu ta gama da ita, me zai hana ta koma asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho, ko makarantar kurame da makafi, a rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe, da Hausa da Turanci, cewa dukiyar jama'a ce da aka ƙwato? Kekuna kuma a sayar wa ƙungiyoyin direbobi a kan biya sannu-sannu, da ƙuri'a a fili, ba ta hannun ɗan siyasa ba. Bas ɗaya mai irin wannan rubutu da ke bin titin Ahmadu Bello kullum ta fi taron manema labarai goma.

Sai maganar sanarwa. Doka ta ce a buga a jarida don mai haƙƙi ya zo ya yi magana, a kuma sanar da gwanjo don mai so ya taya. Ana bugawa, amma da Turanci, a shafukan ciki na jaridun da ba sa isa Rigasa. Kaduna kuwa garin rediyo ne. Ga Rediyon Tarayya da muryarsa ta daɗe tana kaiwa har ƙetaren iyaka, ga gidan rediyon jiha, ga Freedom da Liberty da Nagarta da Alheri. EFCC tana da ofishin shiyya a kan titin Wurno a Badarawa. Ranka ya daɗe shugaban shiyya, minti biyar a rediyo da Hausa, mako biyu kafin gwanjo, a faɗi motocin, a faɗi ranar zuwa duba su, a bar mutum ya zo da bakanikensa ya buɗe bonet. Bayan gwanjo a manna takarda a bakin ƙofa: lamba kaza, an sayar naira kaza, an zuba a asusu ranar kaza. Ba ya cin kuɗi. Abin da yake ci shi ne damar masu son a yi a duhu.

'Yan jaridar Kaduna su ma da nasu. Mun iya rububin ranar kamu, hoto ya yi kyau, kanun labari ya yi zafi, bayan mako guda mun koma wani. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma takarda yana tambaya, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Jerin motocin 2017 yana nan da lambobin jikinsu, hukumar da kanta ta fitar. Takarda ɗaya ta isa a tambayi inda kowace ta kwana: an sayar, an mayar, an ba wata ma'aikata, ko tana nan a kan bulo. In amsar mai daɗi ce, hukumar ce za ta ƙara farin jini. A 2025 ma'aikatar shari'a ta tarayya ta ƙaddamar da rumbun bayanai na kadarorin da aka ƙwace. Amfaninsa zai bayyana ne ranar da ɗalibi a Kaduna Polytechnic zai iya buɗe shi a wayarsa ba tare da neman izinin kowa ba.

Kada kuma hasken Porsche ya rufe mana ido ga inda abin ya fi yawa. Kaduna ce mazaunin rundunar kwastan ta shiyya ta biyu mai sintirin Arewa, kuma tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, motoci 'yan Kwatano da ake satar hanya da su ta Maraɗi da Jibiya suke ta faɗawa hannu. Kanar Hameed Ali, wanda ya gaji kujerar kwastan a 2015, kuma ya taɓa mulkin jihar nan a zamanin soja daga 1996 zuwa 1998, ya fara gwanjo ta intanet a 2017 don a rage raba motoci ta takardar alfarma. Shi ma tsarin ya sha kuka, amma alƙiblar daidai ce. Ƙasa da wannan kuma akwai farfajiyoyin ofisoshin 'yan sanda da na masu kula da hanya, inda Golf da Sharon da keke da babur suke jibge. Waɗannan ba na tsohon shugaban kowace hukuma ba ne. Na direban da ya yi hatsari ne, ko wanda aka sace wa mota aka gano ta amma aka ce shaida ce sai an gama shari'a, ko magadan da ba su san ma inda motar mahaifinsu take ba. Mai Marsandi yana da lauya, yana da wata motar a gida. Mai Golf ɗin haya, ranar da aka riƙe ta ranar aka kashe masa tukunya, in kuma shari'ar ta shekara uku, abin da za a mayar masa bai wuce nauyin ƙarfensa ba.

Wannan ɓangaren ba sai an jira Abuja ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ɗora wa manyan majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata don duba waɗanda ake tsare da su, kuma jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017. Majistaren da ya shiga duba mutanen da ke bayan kanta, ta gaban motocin nan yake wucewa. Babban alƙalin jiha na iya ba da umarni a haɗa da su a cikin rajistar ziyara: ta wa ce, yaushe ta shigo, me ya hana a ɗauki hotonta da lambobinta a matsayin shaida a ba mai ita beli. Waɗanda dole sai an riƙe, majalisar da ke zama a Lugard Hall na iya ware musu fili guda mai rufi da mai gadi da littafi, a ɗauki makanikai daga Panteka a kan kwangila, su riƙa zagayawa duk mako biyu suna tayar da inji, suna duba iska, suna sa hannu a kan abin da suka tarar da abin da suka bari.